Tarihin Labarin Shirme a Adabin Hausa: Daga Cinya da Kare Zuwa Malam Zurƙe



Akwai tambayar da kusan duk wanda ya taɓa miƙa rubutunsa a duba masa ya sha ta: "To, mene ne darasin labarin?" In ka ce dariya kawai kake so a yi, sai a dube ka kamar wanda ya ɓata takarda. Wannan tambaya ta sa da yawa daga cikinmu mun guje wa wani nau'in labari, alhali shi ne ya fara jawo mu ga karatu: labarin da dabba ke magana, gaɓar jiki ke karɓar baƙi, babba ke tafka wauta yaro yana kallonsa. Yau za mu bi tarihin wannan nau'i, mu ga inda ya samo asali a wurinmu, da yadda ya shiga littafi, da yadda aka bar shi a baya. Abin da nake so in nuna shi ne, ƙagaggen labarin Hausa na boko da irin wannan labari ya koyi tafiya, kuma 'yan shekara 12 zuwa 16, waɗanda suka fi kowa jin daɗinsa, su ne muka fi mantawa da su a rubutunmu na yau.

Kafin littafi

Tun kafin Abubakar Imam ya ɗauki alƙalami akwai tatsuniya mai suna Ruwan Bagaja. Yadda ake ba da ita ya ɗan bambanta daga gari zuwa gari, amma ƙashin bayanta ɗaya ne. An tura 'yar bora ta je ta wanko wani abu a ruwan Bagaja. Ta yi ta wuce koguna na abubuwan ci tana ƙin taɓawa, har ta isa wani gida. Masu gidan su biyu ne, cinya da kare. Cinya ba ta da baki, sai dai ta yi gurnani, kare ya yi tafinta. Aka ba yarinya ƙwayar shinkafa ɗaya da ƙashi ɗaya ta dafa, tukunya ta cika. Da za ta tafi aka sa ta zaɓi ƙwai, ta bi umarnin da aka ba ta, ta koma gida da arziki. 'Yar mowa ta bi sahu da rashin kunya, ta kwaso tsiya.

Darasin a fili yake: ladabi da haƙuri. Amma ku tambayi duk wanda ya ji tatsuniyar nan yana yaro abin da ya riƙe, za ku ji ya ce cinya da kare. Tatsuniyoyi masu koyar da ladabi ba su ƙirguwa, wannan kuwa ta zauna a kai ne saboda wani ya zauna ya yi tunanin cinya mai gida, sannan ya tambayi kansa, to in ba ta da baki yaya za ta yi magana da baƙo? Sai ya samo mata tafinta. Haka Ta-Kitse take: an yi yarinya da kitse, don haka duk rayuwarta ta rataya a kan kada rana ta taɓa ta. A nan ne sirrin yake. Ana ƙirƙirar abu ɗaya da ba zai yiwu ba, sannan a bi duk abin da zai haifar bil haƙƙi.

Al'ada ta yi wa wannan ƙarya shinge. Da dare ake yin ta, in kuwa dole sai an yi da rana, sai an ɗaure Gizo tukuna. Ana buɗe ta da kalmomin da kowa ya sani, a rufe ta da ɗora wa Gizo alhakin ƙaryar. Ma'ana, mai bayarwa da mai sauraro sun yi yarjejeniya cewa an shiga wata duniya, kuma za a fito. A cikin shingen nan Gizo yana da damar tsamin baki, da cutar zaki da kura, da yi wa sarki wayo. Manya ma suna da nasu kason a wurin 'yan kama, waɗanda ke kwaikwayon zaman malamai da muryar karatu, amma duk abin da suke jerowa maganar tuwo ce da nama.

Turawa ne suka fara kwashe tatsuniyoyin nan a boko da yawa. Frank Edgar, wani jami'in mulkin mallaka, ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i 3 tsakanin 1911 da 1913. Sai dai ba don yaran Hausawa aka yi wannan aiki ba, Turawa masu koyon Hausa aka fi nufa da shi.

Wata yarinya a Ingila

Don mu gane darajar abin da muke da shi, bari mu leƙa littafin da duniya ta ɗauka a matsayin uban labaran shirme. Ranar 4 ga Yuli, 1862, wani malamin lissafi a jami'ar Oksifod mai suna Charles Dodgson ya fita yawo a kwalekwale da 'ya'yan shugaban kwalejinsu mata su uku. Ya ƙaga musu labari da ka, ta tsakiyarsu, Alice Liddell, 'yar shekara 10, ta roƙe shi ya rubuta mata. A 1865 labarin ya fito da sunan Alice's Adventures in Wonderland, wato abubuwan da Alice ta gani a ƙasar al'ajabi, da zane-zanen John Tenniel, marubucin kuma ya sa wa kansa suna Lewis Carroll. Ku lura, shi ma da baki aka fara ba da shi, kamar tatsuniya.

Alice ta bi wani farin zomo mai agogon aljihu ta faɗa rami. Ta sha wani abu ta ƙanƙance, ta ci wani ta yi tsawo har kanta ya bugi rufi. Ta haɗu da kyanwar da ke ɓacewa ta bar murmushinta a sarari, da tsutsa mai zuƙar shisha wadda ta tsare ta da tambayar ko ita wace ce, da Sarauniyar karta wadda ba ta da magani ga kowace matsala sai a sare kai. Akwai kuma mai huluna da ya ɓata da Lokaci, don haka agogo ya tsaya masa a ƙarfe 6, lokacin shan shayi. Tunda kullum lokacin shayi ne, babu sararin wanke kofuna, sai dai in an ɓata wuri a matsa kujera ta gaba. Wannan ita ce ƙa'idar cinya da kare: ƙarya ɗaya, sannan lissafi mai tsauri a bayanta.

A zamanin Carroll littattafan yara a Ingila cike suke da wa'azi da gargaɗi. Shi kuwa sai ya sa Alice ta riƙa ƙoƙarin rera waƙoƙin tarbiyya da ta haddace a makaranta, suna fito mata a karkace. Har ya sako wata 'yar sarauta da ba za a faɗi magana ba sai ta ciro mata darasi, ko ya dace ko bai dace ba. Tambayar nan da ake yi mana yau, tun shekara 160 da suka wuce wani ya mayar da ita abin dariya.

An rubuta littafin don ƙananan yara, amma sau da yawa ɗan shekara 14 ya fi jin sa a jiki. Wata ƙanwata a nan Kutama ta samu taƙaitaccen bugunsa, irin wanda ake sauƙaƙa wa 'yan makaranta Turancinsa, bangon ma ya cire. Ta karance shi cikin kwana biyu, ta koma tana ba ƙannenta da Hausa bayan sallar isha'i. Wurin da ta fi maimaitawa shi ne zaman shari'ar ƙarshe, inda Sarauniya ta nace a fara zartar da hukunci kafin a tabbatar da laifi. Ta ce da ni, "Yaya, ai na san matar nan, a makarantarmu take, sai ta gama zane ka sannan ta tambayi abin da ka yi." Dalilin ke nan. Mai wannan shekaru jikinsa yana canzawa ba da izininsa ba, yau a ce masa ya girma gobe a ce masa yaro ne, ana ba shi umarnin da ba a faɗa masa dalilinsa, kuma in aka tambaye shi ko shi wane ne bai gama sani ba. Labarin shirme yana nuna masa duniyar da ya riga ya sani, ya kuma ba shi izinin yi mata dariya.

Gasar 1933

Mu dawo gida. A 1929 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa Hukumar Fassara, wadda daga baya ta zauna a Zariya, aka mayar da ita Hukumar Talifi a 1933 ƙarƙashin Rupert East. Makarantun boko sun fara yaye masu iya karatu, amma babu abin karantawa don nishaɗi. East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su ƙaga labarai. A wata muƙala da ya buga a mujallar Africa a 1936 ya bayyana wahalar da ya sha: a wurin malamai rubutu abu ne na addini da ilimi, ƙaga labari kuwa aikin mata da yara ne, bai kamaci mai rawani ba.

Littattafai 5 suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Jiki Magayi na John Tafida da East, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, wanda sunansa kaɗai ya isa ya nuna inda ya fito. Mu mutanen Gwarzo da Kabo ya kamata mu riƙe wannan: namu yana cikin biyar ɗin farko, kuma labarin ɓarayi da dabarunsu ya rubuta, bai ji kunyar nishaɗantarwa ba.

Shaihu Umar labari ne mai nauyi a kan bauta da rabuwar uwa da ɗa. Jiki Magayi na ramuwar gayya ne. Ganɗoki ya fara da tarihi na gaskiya, da Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse da yaƙin Burmi na 1903, sannan ya tsallaka ƙasar aljannu ba tare da neman afuwar kowa ba. Amma wanda ya fi shiga bakin 'yan makaranta shi ne Ruwan Bagaja.

Imam yana da shekara 22 a lokacin, yana koyarwa a Midil ta Katsina, wato kullum yana tare da samari masu tasowa, ya san abin da ke sa su dariya. Ya ari sunan tsohuwar tatsuniya ya gina sabon abu a kai. Alhaji Imam yana ba Koje Sarkin Labari tarihin yadda ya bar Kwantagora neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, don ya wanke Liman daga wulaƙancin da aka yi masa a fada. Neman ruwan dalili ne kawai na tafiya. Abin da ke riƙe mai karatu shi ne karon Alhaji da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, gari bayan gari, yau wannan ya cuci wancan gobe wancan ya rama.

Ku tuna inda Alhaji, wanda bai san komai ba, ya yi shigar babban malami, aka haɗa shi muƙabala da Zurƙe. Ya zana wata lanƙwasasshiyar alama a ƙasa ya ce a faɗi mece ce. Zurƙe, da yake ya yi karatu, ya kira ta da sunan harafi. Alhaji ya ce jinjirin wata ne. Jama'a suka duba suka ga ai kuwa da wata ta yi kama, suka kori mai ilimin suka riƙe jahilin. Babu aljani a wannan wuri, babu tsafi. Alama ɗaya ce mai fuska biyu, da taron da ke yanke hukunci da abin da idonsa ya saba gani. Yaro zai yi dariya, babba kuma zai tuna wani taro da ya taɓa halarta. Darasin yana ciki, amma Imam bai tsaya ya nuna shi da yatsa ba.

Imam bai ɓoye cewa ya ɗebo daga littattafan da ya karanta ba, ciki har da Muƙamatul Hariri, wanda malaman zaure ke karantarwa don ƙwarewa a Larabci. Jarumin wannan littafi, Abu Zaid, mayaudari ne mai zaƙin baki da ke sauya kama daga gari zuwa gari. Ashe malaman da ke ganin ƙaga labari wasan yara ne sun daɗe suna karanta labarin ɗan damfara, sai dai da Larabci yake.

Shekarun albarka

A 1936 East ya ɗauko Imam zuwa Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce, juzu'i 3 da suka fito tsakanin 1937 da 1939. Ginin littafin kansa abin lura ne: aku ne ke tsare ɗan sarki Musa da labarai don kada ya fita ya faɗa tarkon mugun waziri, a ƙarshe tsuntsu ya zama waziri. Wato labari ne ya ceci ran matashi, kuma don daɗinsa ya zauna yana saurare. Imam ya kwaso daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da na Indiya, ya sa musu riga da hula har ba ka gane baƙi ne.

A farkon shekarun 1950 Ahmadu Ingawa ya fito da Iliya Ɗan Maiƙarfi, wanda ya samo asali daga labarin wani gwarzon Rasha, Ilya Muromets. A 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro Kilba ya bi baƙo Kolin Koliyo zuwa sararin samaniya. A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni cikin littafi 6 don 'yan makaranta. Kusan shekara 40 ke nan ana rubuta wa yaro mai tasowa abin mamaki da abin dariya da harshensa, kuma akwai hukumomi da kamfanoni irin su Gaskiya, NORLA da NNPC da ke bugawa su kai makarantu.

Inda aka rabu

A shekarun 1980 tattalin arziki ya karye, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka ja baya daga buga sababbin labaran Hausa. Matasa a Kano da sauran garuruwa suka fara buga nasu da kuɗin aljihunsu, aka samu ƙungiyoyi irin su Raina Kama. Wannan yunƙuri ya ceci karatun Hausa, ya kuma fito da marubuta mata da yawa, babu mai musun haka. Sai dai wanda ya buga littafi da kuɗinsa dole ya rubuta abin da mai kuɗin saye ke so, ɗan shekara 13 kuwa ba shi da kuɗi. Soyayya da zaman aure suka cika kasuwa.

Da aka fara sukar littattafan nan da ɓata tarbiyya, sai marubuta suka ɗauki garkuwa ɗaya: ai faɗakarwa muke yi. Garkuwar ta yi amfani a lokacinta, amma ta bar mana gado mai nauyi, domin daga nan duk labarin da bai zo da takardar shaidar faɗakarwa ba sai ya zama abin tuhuma. Abin al'ajabi bai mutu ba, ya koma littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini da labaran kasada irin na Nazir Adam Salih, kuma samari sun karɓe su hannu biyu. Amma can takobi ne da matsafa da tashin hankali. Wasa da harshe da wautar manya, irin ta Alhaji da Zurƙe, ita ce ta yi ƙaranci. Yau in kana son jin ta sai ka zauna kusa da yaran da ke kallon finafinan Indiya da aka fassara da Hausa, ka ji yadda suke haddace barkwancin mai fassara fiye da labarin fim ɗin. Ƙishin yana nan, wasu ne ke shayar da shi.

Abin da za mu ɗauka

Tarihin nan ya bar wa mai son gwadawa abubuwa uku. Na farko, ƙarya ɗaya ta isa, amma a bi ta da gaskiya har ƙarshe. Labarin da komai zai iya faruwa a kowane lokaci ba ya ba da dariya, gajiyarwa yake yi. Na biyu, a bar yaro da hankalinsa, duniyar da ke kewaye da shi ita ce za ta haukace. 'Yar bora da Alice duk masu natsuwa ne a tsakiyar masu shirme, shi ya sa mai karatu ke bin bayansu. Na uku, a haƙo wasan daga cikin Hausa. Yawancin barkwancin Carroll a kan kalmomin Turanci ya ginu, in an fassara sai ya mutu. Mu kuwa muna da wuya ta jiki da wuya ta wahala, da wata na sama da wata ta mutum, da gari na zama da gari na tuwo.

Ku ɗauki maganganun da muke yi kullum ku yi musu fahimtar yaro. A ce yarinya ta faɗa garin da in rana ta faɗi sai mai unguwa ya tara samari a je a tashe ta. Alƙalin garin ba ya yanke hukunci sai an wasa masa wuƙa, ranar da maƙeri ya yi tafiya kuwa shari'a ta tsaya. Wanda ya ci bashi cikinsa ne ke kumbura, masu shan iska kuma da kofi suke zuwa, har ana rigima a kan wanda ya shanye ta unguwa. Duk wannan ba a aro shi daga ko'ina ba, a bakinmu yake tun muna yara.

Ba cewa nake a daina rubutun faɗakarwa ba, al'umma tana buƙatarsa. Amma wanda bai koyi son littafi yana ɗan shekara 13 ba, da wuya ya zauna ya karanta faɗakarwarmu yana ɗan 30. Mutanen 1933 sun fuskanci masu ganin ƙaga labari zubar da girma ne, suka rubuta duk da haka, ga shi bayan shekara 90 muna kiran sunan Zurƙe kamar maƙwabcinmu. Wanda ya gwada rubuta shafi biyu na irin wannan labari, kada ya fara kai wa manazarci. Ya tara yaran gidansu daga Kutama ne ko Getso ko Garo, ya karanta musu da ƙarfi. In suka ce a sake, ya ci gaba da rubutu.